Riguna Biyar Marasa Gumi

Shafi na 12

Ku gafarce ni da shirun kwana biyun nan, ɗalibaina ne ke jarrabawa, takardun dubawa suka rufe ni. Na karanta saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in dai Sitati ya sayar da babur ɗin nan ta daina karatu. 'Yar'uwa, zauna tukuna.

Wanda yau ya iso, ga inda muke. Sitati mai wanki da guga ne, shekararsa goma sha tara a shago ɗaya. Wata biyar da suka wuce aka buɗe shagon wanki na inji a tsallaken titi, daga nan kaya suka fara ɗauke masa. Jiya ya yanke shawarar sayar da babur ɗinsa, shi ma ya sayi inji.

*

Tun da hantsi Sitati ya fito da babur ƙofar shago yana goge shi. Ya goge tanki, ya goge madubi, ya dawo ya sake goge tankin.

Matarsa ta fito ta ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida. Ta ajiye masa kofin shayi a kan teburin guga, ta tsaya ta harɗe hannu.

"Wankan tafiya ake yi masa?"

"Kada ki fara, Maman Biyu."

"Ban fara ba. Tambaya na yi."

Bai ɗago ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Fararen kayan masu jinya fa? Litinin da Alhamis wa zai je asibitin bayan gada ya ɗauko su?"

"Zan hau mota."

"Da ƙulli uku a ka. Direba ya caje ka kuɗin mutum huɗu." Ta sassauta murya. "Baban Biyu, su kaɗai suka rage maka. Kuma babur ɗin nan ne ke kai ka wajensu."

"Don su kaɗai suka rage ɗin ne nake son inji." Ya nuna tsallaken titi da tsumman hannunsa. "Mutanen yanzu sun raina aikin hannu. So suke su ga rigarsu tana juyawa a bayan gilashi."

Ta bi hannunsa da kallo. Shagon can yana nan yadda yake kullum. Gilashinsa mai duhu ne, ba a ganin ciki. Fitilu masu launi suna zagaye allonsa ko da rana tsaka, kiɗa na tashi a hankali.

"Ka taɓa ganin masu kawo maka kaya suna shiga can?"

"Ba sai na gani ba. To ina za su? Mutum dai ba ya yawo tsirara. In rigarsa ba ta zo nan ba, ai can ta je."

"In kuma ka sayi injin, bai kawo kowa ba?"

"Yaya na nan."

Haka yake cewa duk lokacin da magana ta kai bango. Yayansa shi ne foman a kamfanin kwalabe, shi ke kula da ma'aikatan babban sashe. Da kamfanin ya yi ta sallamar mutane rukuni-rukuni, har unguwa ta cika da maza masu zaman ƙofar gida, Yaya bai motsa ba. Kowace Asabar yakan kawo rigunansa biyar da kansa, ya ajiye ladan wankin a ƙarƙashin dutsen guga, komai rantsuwar da Sitati zai yi cewa ba zai karɓa ba.

Sitati ya shiga ya ɗauko ɗaya daga rigunan, shuɗiya mai dogon hannu. Ya buɗe mata wuyan.

"Duba nan. Shekara goma sha tara ina wanke gumin Yaya, na san shi kamar yadda na san sunana. Nan bayan kwala yakan yi rawaya. Hannun dama yakan kwaso baƙin mai. Yanzu me kika gani?"

"Ban ga komai ba."

"Yawwa. Ko karin gugar da na yi makon jiya bai mutu ba. Wata biyu ke nan haka suke zuwa."

"To me ke nan?"

"An ɗaga shi. An kai shi ofis mai na'urar sanyi, inda ba a gumi." Ya yi murmushi, karo na farko tun wayewar gari. "Kin san Yaya, ba ya faɗin alherinsa da baki. Sai dai ka karanta a kwala."

Ta karɓi rigar ta kai hanci. Ta daɗe tana sansanawa.

"Ni warin leda nake ji."

"Ke dai ba ki san aikin ba."

Ta ninke rigar ta mayar inda take.

Ana haka Dillali ya iso, gajeren mutum mai waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a hannu. Ya yi sallama, ya zagaya babur ɗin sau biyu yana taɓe baki, yadda dillalai ke yi ko da zinariya aka ajiye musu.

"Sitati, wannan ai sa'an kakana ne."

"Kakanka yana tashi bugu ɗaya?"

Dillali ya yi dariya. Ya karɓi takardu da makulli, ya hau, ya buga. Babur ya yi tarinsa guda biyu da ya saba, sannan ya kama.

"Akwai mai so tun tuni. Kafin azahar na dawo maka da kuɗinka, mu wuce ka ga inji. Sabo ne fil, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba."

"Na wane ne?"

"Na wani bawan Allah ne da zai yi tafiya."

Sitati ya tsaya a bakin titi har ƙarar ta ɓace. Da ya juyo, Maman Biyu ta shige ciki. Shayin ya huce a kan tebur.

*

Dillali ya cika alkawari. Rana na take tsaka ya dawo a ƙafa, ya miƙa masa ambulan mai kauri. Sitati ya tura shi aljihun ciki, ya ja ƙofar shago.

"Mota za mu hau?"

"Ba nisa. Biyo ni."

Suka miƙe titi har wajen gidan mai, suka tsallaka, suka karya kwana, suka sake karya wata. Sai ga su a wani siririn lungu mai kwata a tsakiya, bayan gidaje na kallon juna. Sitati ya tsaya.

"Kai, ba baya muke komawa ba?"

"Yanke ne."

"Wane irin yanke ne mai zagaye?"

Dillali ya tsaya a wata ƙofar ƙarfe ya ƙwanƙwasa sau uku. Aka zare sakata daga ciki.

Ɗakin da suka shiga dogo ne, mai sanyin siminti. Injinan wanki huɗu a jere, uku an lulluɓe su da zanin gado. Na huɗun a buɗe yake, fari tas. Can gaba akwai kanta, bayan kanta gilashi mai duhu. Ta cikin gilashin Sitati ya hango titi. Ya hango wani ɗan shago a tsallake, da benci a ƙofa, da igiyar shanya babu komai a kanta.

Sai da ya ƙura ido sannan ya gane nasa ne.

Ya juya a hankali. Wanda ya buɗe musu ƙofar na tsaye riƙe da sakata, dogon mutum mai tabarau. Mai Inji ne. Wata biyar suna kallon juna daga nesa, ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba.

Mai Inji ya kalli Dillali.

"Wannan ne mai sayen?"

Sitati ma ya kalli Dillali.

"Wannan ne mai tafiyar?"

Dillali ya ɗaga wayoyinsa biyu sama. "Ku tsaya ku ji. Da na faɗa wa kowannenku sunan ɗan'uwansa, da wa zai zo? Kai kana da inji, kai kana son inji. Ni me na yi?"

"Fita da shi," in ji Mai Inji. "Bai ishe ka ba? Ka kwashe min mutane, yanzu ka zo ka kwashi injin ma a arha, ka yi min dariya?"

Sitati ya waiga bayansa, ko da wani ake.

"Ni?"

"Kai mana."

"Ni na kwashe maka mutane?"

"To wa? Watan farko nan ba masaka tsinke. Daga nan sai ɗaya-ɗaya, sai shiru. Na ce sun koma wajen mai arha. Kullum ina zaune a nan ina kallonka, kana fita da babur, kana dawowa da ƙulli uku."

"Na asibiti ne. Sau biyu a mako."

"Hayaƙin gawayinka fa? Tun safe yake tashi."

Sitati ya sosa ƙeya. "Hura shi nake yi kawai. Don kada ka ga ba ni da aiki."

Kiɗan da ke tashi a waje ya shigo musu ta ƙasan ƙofa.

"Kai kuma fitilun nan da kiɗan?" Sitati ya tambaya.

Mai Inji ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Don kada ka ga ba ni da aiki."

Dillali ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya mayar da ita tari.

Sitati ya taka zuwa wajen injin da ke buɗe. Ya leƙa cikinsa. Babu ko ɗigon ruwa. A ƙasan gangar har gizo-gizo ya fara saƙa. Ya nemi bokiti ya kife ya zauna.

"Tsaya. Bari in tambaye ka ɗaya bayan ɗaya. Likitan haƙori yana kawo maka?"

"Sau biyu ya zo, tun watan farko."

"Mai kantin takalma?"

"Ban san shi ba."

"Malaman makarantar kuɗi? Su bakwai ne, duk Juma'a."

"Na ɗauka suna wajenka."

"Mai gidan hoto?"

Mai Inji ya girgiza kai.

"To ina kayan suke?" Sitati ya buɗe hannuwa. "Ba sa wajena, ba sa wajenka. Ƙasa ce ta haɗiye su?"

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan. A ofishin kamfanin kwalabe nake a da, rukunin farko aka sallame mu. Abin da aka ba ni na sallama duka na zuba a injinan nan. Na ce ko me ya faru, mutane ba za su daina sa tufafi ba."

"Ni kuma babu ma'aikacin kamfani ko ɗaya a masu kawo min kaya, in ka cire Yayana. Ko ɗaya. Su matansu ke yi musu wanki tun asali. To me ya haɗa korarsu da teburina?"

Dillali ya leƙa ƙofar baya, ya yafito su da hannu.

"Ku zo ku ga wani abu. Ni kullum ta lungu nake bi, ku kuwa titi kawai kuke kallo."

Suka fito. Ɗazu Sitati ƙasa yake kallo saboda kwata. Yanzu ya ɗaga kai.

Igiyoyi ne. Daga taga zuwa taga, daga baranda zuwa sandar wuta, har ƙarshen lungun. Riguna, wanduna, zannuwan gado, suna ɗiga. Ya fara gane su ɗaya-ɗaya, yadda uba ke gane 'ya'yansa a cikin taro. Ga mai ratsin kore ta mai gidan hoto. Ga wandon da ya taɓa yi wa faci a aljihu. Ga wata fara da aka shanya ta kafaɗa, an damƙe ta da maƙalai har ta yi kunnuwa.

"Wa ya shanya wannan haka?" ya faɗa da ƙarfi, bai san ya faɗa ba. "Ta gindi ake kama ta."

Wani kai ya leƙo daga barandar bene. Mai furfura ne, da singileti, kumfa har gwiwar hannu. Likitan haƙori ne.

"A'a, Sitati. Kai ne a lungunmu?"

"Likita, kai ne da baho?"

"Ni ne fa. Ka ga yadda na ƙware?"

"Ba ka ƙware ba, ranka ya daɗe. Me na yi maka? Na taɓa ƙona maka riga?"

"Ko sau ɗaya." Likita ya share hannu a jikin singileti, ya jingina da ƙarfen baranda. "Ba kai ba ne. Haƙora ne."

"Haƙora?"

"Rabin masu zuwa wajena iyalan 'yan kamfani ne. Yanzu wa zai zo a wanke masa haƙori? Sai kunci ya kumbura ya rufe ido suke zuwa, su ce Likita cire kawai. Waɗanda ba a kora ba ma sun daina zuwa, tsoro suke ji, kowa ya damƙe abin hannunsa. Na sallami mai taya ni aiki. Da na zauna na duba abin da zan iya yi da kaina, sai na ga wanki."

"Malaman makaranta fa?"

"Iyaye sun kwashe yara. An rufe aji huɗu."

Sitati ya kalli Mai Inji, Mai Inji ya kalle shi.

"Ni fa har yanzu ban gane ba," in ji Sitati. "Kwalba ake yi a can. Ni ban taɓa sayen kwalba ba, ban taɓa sayarwa ba."

Likita ya ƙare masa kallo daga sama, ya yi ɗan murmushi.

"Cire hularka."

"Na'am?"

"Cire dai."

Ya cire.

"Wa ya yi maka askin nan?"

Sitati ya shafa kansa. Akwai tudu a bayan kunnen hagu, ya sani.

"Maman Biyu."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"An kore ka daga kamfani ne?"

"A'a."

"To mai askin kan kwana yana can yana rantsuwa cewa sabon shagon aski ne ya ɗauke masa kai. Jiya ya faɗa min." Likita ya sunkuya ya ɗauko wata rigar daga baho. "Ta gindi ka ce a kama ta ko?"

Sitati ya mayar da hularsa. Yana jin ambulan ɗin a ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutsen guga.

Suka koma ciki. Mai Inji ya jingina da kanta, ya daɗe yana kallon silin.

"Zan faɗa maka gaskiya, Malam Sitati, ko da ita ce za ta kashe min ciniki. Ina bukatar kuɗin nan fiye da yadda kake tsammani. In ka ce ka saya, yanzu zan kira masu ɗauka. Amma injin nan ba ya kiran kowa. Na gwada, da guda huɗu."

Dillali ya yi tsalle ya shiga tsakani. "Haba, wane irin mai sayarwa ne kai? Sitati, kada ka saurare shi. Abubuwa za su gyaru. Ranar da suka gyaru wa zai ci kasuwa? Mai inji."

"Kafin su gyaru me zan ci?"

"Allah na nan."

"Yana nan. Shi ya ba ni babur." Sitati ya zaro ambulan ɗin ya miƙa masa. "Ungo. Mayar wa mai shi. Ka dawo min da abina."

Dillali ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa.

"Ciniki ya faɗa."

"Ko awa uku ba a yi ba."

"An sa hannu. An yi shaidu."

"Gobe Alhamis. In ban je asibiti da safe ba, za su ba wani. Su kaɗai suka rage min, ka ji ko ba ka ji ba? Kai ni wajen mutumin in roƙe shi da bakina. Ladanka na bar maka."

"Ba zai yiwu ba."

"Don me?"

"Ya ce kada in faɗi sunansa."

"Kai kowa sai ya ce kada ka faɗi sunansa?"

Dillali ya duba agogon wayarsa, ya duba ƙofar baya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Sitati, ka je gida yanzu. Da yamma zan zo mu yi magana a natse."

"Ba inda za ni."

"Don Allah ka je. Ka bi ta gaba, ga titi nan, taku ashirin ka isa."

"Me ya sa ta gaba?"

Mai Inji ya gyara tabarau. "Ɗazu ka ce min akwai wanda zai same ka a lungu ya karɓi takardu."

"Kai kuma wa ya tambaye ka?"

Sitati ya zauna a kan bokitinsa, ya harɗe ƙafa.

"To madalla. Mu jira shi tare."

A ransa yana ta shirya abin da zai ce. Zai gaishe shi da ladabi. Zai ba shi labarin masu jinya, da 'yan biyu, da kuskuren da ya yi. In mutumin ya ƙi, to ba komai, yau da yamma zai je gidan Yaya ya zauna a gabansa ya faɗa masa komai. Mutumin da ke ofis mai sanyi ba zai rasa yadda zai yi wa ƙaninsa ba. Wannan tunanin ya ɗan kwantar masa da hankali.

Sai ya ji ƙara daga bakin lungu.

Ko a cikin babura ɗari zai gane ta. Ƙarar ta matso a hankali, irin tuƙin wanda ya daɗe bai hau ba. Ta tsaya daidai ƙofar. Babur ya yi tarinsa biyu, ya mutu.

Sitati ya miƙe ya fita.

Mahayin na sanye da hular kwano mai rufe fuska, sabuwa, da wata tsohuwar riga mai gajeren hannu da ta jiƙe sharkaf a baya. Yana ƙoƙarin kafe babur ɗin, bai san sai an ɗan karkata shi hagu ba.

"Sannu, bawan Allah. Karkata shi kaɗan. Yawwa. Ni ne mai..."

Maganar ta tsaya masa.

A kan kujerar baya an ɗaure wata baƙar leda da roba. Bakinta ya ɗan buɗe. A ciki akwai riga a ninke, fara mai siririn ratsi, an ninke ta da kulawa don kada ta yamutse. Karin da ke hannunta miƙaƙƙe ne kamar an ja shi da zare. Mutum ɗaya ne a duk unguwar ke fitar da kari haka.

Ita ce ta ranar Laraba, cikin biyar ɗin nan. Shi ya goge ta da hannunsa.

Mahayin ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya kai hannu biyu ya zare hular.

"Yaya."

"Na'am."

"Me kake yi a nan? Yau ba aiki?"

Yaya ya kalli Dillali, wanda ya maƙale a bayan ƙofa. Ya kalli Mai Inji, suka gane juna, kowa ya kawar da kai. Sannan ya dawo da idonsa kan ƙaninsa.

"Wata biyu ke nan babu aiki."

"Amma rigunan..."

"Da ita nake fita daga gida. In na sha kwana sai in cire in sa a leda. Da yamma in mayar." Ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Na san za ka lura. Kullum jira nake ka tambaye ni."

"Na ɗauka ofis aka kai ka. Mai sanyi."

"Akwai sanyi kam. Ƙarƙashin bishiyar tasha."

Sitati ya dafa bango. Ruwan wata riga yana ɗiga masa a kafaɗa daga sama, bai matsa ba.

"Antina fa, matarka, ta sani?"

"Ba wanda ya sani. Kai ne na farko." Yaya ya shafa tankin babur ɗin. "Na daɗe da ce wa Dillali ya nemo min wanda zan saya in yi haya. Da ya kawo shi ɗazu, tun daga nesa na gane tarinsa. Na ce gara ya tsaya a gida. Kuɗin da suka rage min ke nan, na ba shi duka."

"Yaya, ni fa..."

"Bari in gama, tun da bakina ya buɗe." Ya rataye hular a madubi. Fuskarsa ta saki, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. "Da ya ce min inji za ka saya, wallahi sai da na yi hamdala a tsaye. Na ce ashe a gidanmu akwai wanda abin bai taɓa ba. Kullum in na wuce ina ganin hayaƙinka yana tashi, sai in ce wa kaina, ko me ya faru, Sitati na nan."

Mai Inji ya sunkuyar da kai ya koma ciki.

Ambulan ɗin na hannun Sitati. Bai san lokacin da ya matse shi har ya lanƙwashe ba.

Yaya ya leƙa ta ƙofar, ya hango farin injin yana ƙyalli. Ya gyaɗa kai, ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwansa a gaba yadda masu neman aiki suka riƙa tsayawa a gabansa shekara ashirin.

"Yanzu da aiki zai yi maka yawa, za ka bukaci mai ɗauko kaya da kaiwa. Ga ni, ga babur. Yaushe zan fara, maigida?"